Shekarar da Na Kai Makokina Gumbin Kure

A wajenmu idan kulob ɗin ƙwallon da mutum ke bi ya rasa kofi, ta'aziyya ake yi masa. Tabarma zai shimfiɗa a ƙofar gida, abokan hamayya su zo ɗaya bayan ɗaya, su tuɓe takalma, su durƙusa da fuskar jimami kamar gaske. Wanda ya ɓuya kuwa ya shiga bakin duniya har wata kakar.

Ni masu jar riga nake bi, don haka tabarmata ta sha rana. Taubashina, ɗan kawuna da ke Gumbin Kure, shuɗiyar riga ce tasa, kuma kullum shi ne na farkon zuwa. Zai bar aikin albasarsa ya hau babur har Jega, da goronsa a ganye, ya marairaice ya ce, "Taubashi, ashe haka abu yah hwaru? Wagga shekara ma?" Na sha rantsuwa wata rana sai na fasa masa baki.

Wata shekara ana tsakar cirar albasa ya yanke jiki ya faɗi a fadama. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya daina kula kowa, ya juya wa duniya baya yana kallon bango. Na je dubiya na tsokane shi iya tsokana, ko motsi bai yi ba. Na tsorata ƙwarai. Taubashin da ba ya rama tsiya, ai ya fara ban kwana.

Lokacin kuma mu ne a saman teburin gasa. Gidan kallo ya riƙa cika har waje, ga zafin bazara, ga hayaƙin janareta, kowa ya zama malamin lissafin maki. Ranar wasan ƙarshe, bayan la'asar, canjaras kawai muke nema. Ana dab da tashi aka zura mana ɗaya. Ban san lokacin da na jefar da hulata ba.

Washegari na shimfiɗa tabarma. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, har daga Aliero, amma tsiyar kowa ba gishiri. Kafin azahar na naɗe ta, na ɗaure a bayan babur, na kama hanyar Gumbin Kure.

Matar taubashina ta tare ni a tsakar gida. "Lahiya, da tabarma?"

Na wuce ɗakinsa, na shimfiɗa ta a gaban gado, na zauna na sunkuyar da kai. Na ce, "Tunda ka ƙi zuwa, ga mai makoki ya kawo kainai. Jiya sunka kashe mu."

Can sai gado ya yi ƙara, ya juyo. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Ina... haƙuri?"

"Da godiya," na ce.

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. "Baɗi ma... ina nan tahe. Da ƙahwata."

Mugun fata ne ƙiri-ƙiri yake yi wa kulob ɗina, yana nufin baɗi ma kofi ba namu ba ne. Da bakina na ce amin, har sau biyu.