Hannun Noelene da Gadon Bayan Merv

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a rumfar masunta da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Bowen ya san Noelene Tuckwell, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai furfura ɗaure a ƙeya, wadda take can ƙarshen teburi tana feɗe kifi ba ta ko ɗaga kai. Tun tana budurwa ta fara aikin, ta gaji wuƙar uwarta da wurin tsayuwarta. Gishiri da ƙanƙara da ƙayar kifi sun gama da hannayenta tuntuni: tafin ya yi kanta, yatsun sun tsattsage, in ta shafa riga mai santsi sai zaren ya kama ta. Takan ce ita ba ta jin kunyar hannayen nan, tunda su suka gina rabin gidan, su kuma suka kai 'yarta Kerryn jami'a. Haka dai take faɗa.

Mijinta Merv makanikin injin jirgin ruwa ne, gajere mai tumbi, irin mutanen nan masu jar fata da rana ba ta baƙanta su, sai dai ta gasa su. Bakinsa ba ya hutawa da barkwanci, kuma ba ya sanin inda ya kamata ya tsaya. Duk ranar Asabar sai ya fita kamun kifi a ɗan kwalekwalensa mai inji, kuma babu wanda ya isa ya sa shi riga. Wai riga ta masu zaman ofis ce.

Saboda haka tun farkon aurensu suka yi wata al'ada, irin wadda ake yi a kusan kowane gida a garin ba tare da kowa ya ba ta suna ba. Da safiyar Asabar sai Merv ya tsaya a ƙofar kicin, ya juya mata baya yana duban sararin sama. Ita kuwa sai ta sauko da man kare rana daga saman firij. Mai arahar nan ne na babban kanti, ƙaton gora mai famfo a ka, man yana da kauri kamar farin fenti, sai an sa ƙarfi kafin ya shiga fata. Ta matso shi cike da hannu ta laɓta masa, daga ƙeya zuwa kafaɗu har ƙugu.

"Wayyo sanyi! Ke da gayya kike yi."

"Tsaya mini wuri ɗaya, tsoho. Jariri ma ya fi ka haƙuri."

A haka ta haddace bayan nan fiye da yadda ta san fuskarta. Ta san tabon ƙugiyar da ta taɓa kama shi, ta san kowane ɗigo. Ta san wata 'yar tawadar Allah da ke ƙarƙashin allon kafaɗarsa ta hagu, wadda ba ta wuce kan ashana ba. Nan ne takan ɗan dangwale shi da yatsa in ta gama, alamar ya tafi ya ba ta wuri.

Abin da ya ɓata wannan al'ada bai taka kara ya karya ba. Wata ranar Kirsimeti ce, wadda a can tsakiyar bazara take faɗowa, zafi kamar ya narkar da kwalta, maƙwabta sun taru a bayan gidansu ana gasa nama. Merv ya sha giyarsa ya yi daɗi. Glenys maƙwabciyarsu, mai shagon gyaran gashi, tana shafa wa nata mijin mai da hannayenta masu jan farce, sai Merv ya ɗaga kwalba ya ce:

"Kai ka dace, abokina. Ni duk Asabar da samfefa ake goge ni. In na rasa abin kankare jirgi, Noelene nake kira!"

Aka kwashe da dariya. Glenys har da riƙe ciki. Noelene ma ta yi dariyar, ta tashi ta shiga kicin ɗauko salak, ta daɗe tsaye gaban famfo tana juya hannayenta. Abin ya yi mata ciwo, ciwon da ita kanta ba ta yi zato ba. Da irin matan da ke zazzaga faɗa ce, da a daren an gama magana. Amma Noelene ba ta faɗa. Ajiyewa take yi.

Washegarin da kantuna suka buɗe ta wuce babban kanti ko kallonsa ba ta yi ba, ta shiga kemis. Ta ce a ba ta man kare rana mafi tsada, na feshi. Aka miƙo mata wani siririn gwangwani mai ruwan zinariya, kuɗinsa ya kai na gora uku na wancan. Ta biya ko gezau ba ta yi ba, ita da take zagaya kanti biyu a kan farashin ƙwai.

Da Asabar ta zo, Merv ya tsaya a ƙofa ya juya baya. Ta ajiye gwangwanin a kan teburi.

"Ga shi, na sayo maka na manyan mutane. Fesawa kawai ake yi, ba ya buƙatar hannun kowa."

Ya juyo ya dubi gwangwanin, ya dube ta. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Iye, yau mun yi arziki," ya ɗauka ya fita.

Kowa ya yaba mata. Kerryn ta ce a waya, "Mama, gara da kika daina saya wa Baba wannan fentin. Lafiya ai ba a yi mata rowa." Matan rumfa suka riƙa yi wa mazajensu gori da ita. Noelene ta karɓi yabon ta haɗiye, ta kuma ci gaba da sayen gwangwanin duk lokacin da ta ga ya kamata a ce na baya ya ƙare. Tsadar ce take rufa mata asiri: wa zai ce matar da ke kashe irin wannan kuɗi ba ta kula da mijinta?

Merv kuwa bai daina tsayawa a ƙofa ba. Kowace Asabar sai ya cire riga, ya juya baya, ya ɗan jima yana nazarin gajimare kamar wanda aka ɗauka aikin hasashen yanayi. Ita kuma ta sunkuyar da kai a kan kwanukan da take wankewa har ya gaji ya tafi. Ta san abin da yake jira sarai. Cewa take a ranta, ya furta kalma ɗaya tak, ya ce ya yi kuskure. Shi bai furta ba, ita ba ta ɗaga kai ba. Fushin ma ya huce da kansa, suna ci tare, suna dariya tare, suna faɗa a kan tashar talabijin, amma wannan abu ɗaya ya zauna daram, domin babu wanda ya san yadda zai fara. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa.

Glenys ce ta gani. Wata Asabar da yamma a wurin da ake fito da jirage daga ruwa, Merv ya duƙa yana ɗaure kwalekwale a bayan mota, Noelene tana gefe tana karɓar kifi. Glenys ta tsaya cak, ta cire tabaran rana.

"Noelene, zo nan. Tun yaushe abin nan na bayan Merv ya zama haka?"

Noelene ta zo ta duba. 'Yar tawadar da ta sani kamar kan ashana ta yi faɗin farcen babban yatsa, gefenta ya yi gargada, rabi baƙi rabi ja, tsakiyar ta ɗan taso. A garin nan babu mai buƙatar a yi masa bayanin irin wannan tabo. Kowa yana da wani nasa da irinsa ya kai makabarta.

"Tun yaushe?" Glenys ta sake tambaya.

Noelene ta ƙura wa tabon ido. A duk matan duniya, sai Glenys ce za ta riga ta ganin bayan mijinta.

Likitar da ta duba shi yarinya ce mai sanyin murya. Ta haska tabon, ta auna, ta ce za a yanke a kai gwaji cikin makon. Noelene ta yi saurin cewa, "Mai tsadar nake saya masa, likita. Na feshi, mafi tsada a kemis."

"Mai araha da mai tsada duk suna aiki in an shafa da kyau," in ji likitar. "Wannan kuma aikin zafin rana ne na shekaru da yawa, ba na bana ba. Abin da zai taimake ni shi ne lokaci. Shi ba ya ganin wurin. Ke yaushe kika fara lura yana canzawa?"

Merv ya yi caraf ya ce, "Ai ni ne ba na tsayawa a dube ni, likita. Kamar kifi nake, santsi gare ni." Likitar ta yi murmushi ta rubuta abin da za ta rubuta. Noelene ta so a ce zaginta ya yi a gaban yarinyar, da ya fi mata sauƙi.

Sakamako ya fito: kansar fata ce, kuma ta ɗan yi zurfi. Aka kai shi babban asibiti a Townsville, aka yanke fata mai faɗi, aka cire kaluluwar hammatarsa saboda an sami ɓurɓushin ciwon a ciki. Aka ce za a ɗora shi a kan magani, a riƙa duba shi lokaci-lokaci. Babu wanda ya ce da an gani da wuri da ba a kai nan ba. Ba sai an faɗa mata ba. Ita ce mai feɗe kifi, ta san bambancin abin da ke saman fata da wanda ya shiga nama.

Yana kwance a asibiti ta shiga rumfar ajiye kwalekwale don ta kwashe tarkacen da za su yi wari. A ƙarƙashin benci ta tarar da akwatin roba, ta buɗe. Gwangwanaye ne masu ruwan zinariya jere reras. Ta ɗaga ɗaya, da nauyinsa. Ta ɗaga wani, haka. Wasu ko murfin ba a ɓalle ba. Ta zauna a kan tayar tirela ta yi kukan da ba ta yi ba a gaban likita.

Ranar da aka sallamo shi ta ɗora masa ɗaya a cinya.

"Me ya hana ka fesawa?"

"Na gwada. Iska ta kwashe rabi, rabi ya shiga idona. Hannuna kuma ba ya kai wa can, kin san tumbin nan."

"Shi ne ba za ka buɗe baki ka faɗa mini ba?"

"Ai kullum ina tsayawa a ƙofa."

"Na gan ka," ta ce. "Duk Asabar ina ganin ka, Merv. Da gangan na ƙi ɗaga kai."

Ya daɗe yana juya gwangwanin. "Maganar samfefar nan ce ko? Tun a ranar na sani. Bakin nan nawa dai." Ya ɗauka sun yi kunnen doki ke nan, laifi nan laifi can. Ita ba ta ga haka ba. Shi magana ya yi a cikin giya, ita kuwa da idonta biyu ta yi nata, mako bayan mako.

Da ɗinkin ya warke, likita ta kafa masa doka: riga mai dogon hannu, malafa, babu sauran yawo tsirara a cikin ruwa. Ma'ana bayan nasa ba zai ƙara buƙatar wani mai ba. Duk da haka ranar Juma'a Noelene ta shiga babban kanti, ta tsaya gaban kantar man rana. Ga na feshi a sama, ga masu ƙamshi a tsakiya, ga ƙaton goran can ƙasa inda ake ajiye kayan talakawa. Ta sunkuya ta ɗauko shi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce akwai ragi a kan mai kyau wannan makon. Noelene ta ce ta gode, wannan take so.

Da safiyar Asabar Merv ya tsaya a ƙofar kicin da sabuwar rigarsa. Ya hango goran a saman firij, ya tuɓe rigar ya juya baya. Tabon aikin ya ratsa daga allon kafaɗa zuwa hammata, ja, mai sheƙi. Ta matso man cike da hannu, ta ɗan murza shi a tafinta don ya yi ɗumi, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ta ɗora hannun daidai inda tawadar take a da, ta fara shafawa a hankali, tana bin kowane ɗigo da ido.

Merv yana ta duban gajimare. Can ya yi gyaran murya.

"To, gimbiya, ki fara mana. Ruwa zai janye ya bar ni."

Ta tsaya da hannunta a jikinsa. An gaya musu a asibiti cewa wurin aikin zai mutu, ya daina jin taɓi, wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba.

"Yanzu zan fara," ta ce.

Ta ɗaga hannun zuwa kafaɗar dama, inda yake ji.