Jiddar Ƙarya ta Kakata

A gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka ba a soya kifi sai kakata ta tsine wa wani mutum da ya mutu tun ba a haifi uwata ba. Mai jirgin ruwa ne. Shi ya ɗauko su daga wancan ƙetaren teku tana amarya, ita da kakana da wasu Sakkwatawa da ƙafafunsu suka ƙare a hanyar Sudan, ya zuba su cikin jirgin katako tare da awaki. Wata safiya ya nuna musu wata ƙasa fara fat, ya ce ga Jidda nan, Makka kuwa tana bayan wancan tudun. Suka sauka suna kuka, maza suka ɗaura harami, aka kama labbaika. Kakana, da yake shi ne mai karatun cikinsu, ya shige gaba. Suka haye tudun, sai ruwa. Suka yi dama, ruwa. Kafin su waiwayo jirgin ya zama ɗigo.

Masunta ne suka tsince su ƙishirwa ta kusa gamawa da su, suka kai su garin Jizan da ke gaɓa, daga can suka tako zuwa Makka. Kakana har ya rasu ba ya son a ta da zancen. Ita kuwa shi ne abin hirarta.

Kawuna direban bas ne a lokacin aikin hajji, kuma tun da yake iya fita daga Arfa ba tare da ya ɓata ba, ya ɗauka duk duniya a tafin hannunsa take. Shi ya yanke hukunci cewa tsibirin nan a Farasan yake, can cikin teku gaban Jizan. Wani hutu, ina sabuwar malamar makaranta, ya ce zai kai mu. Na zaci Kaka za ta ƙi. Sai ta hau haɗa kaya, wai tana da saƙo ga jikokin mai jirgin.

Muka bi hanyar gaɓa, ta garuruwan Lis da Kunfuda, teku na hannun dama. Kaka ta juya fuskarta hagu har muka isa.

A tashar Jizan ta ga abbara, wato babban jirgin fito, yana haɗiye motoci ɗaya bayan ɗaya. Ciki kujeru masu laushi, ga sanyin na'ura, ga talabijin. Ta duba ko'ina ta ce wannan ai asibiti ne, kuma duk wanda ya haye teku a haka kada ya sa ran lada. Kawu, wanda ya cika mu da bayanin igiyar ruwa tun daga gida, shi ya fara neman ledar amai.

Ashe Farasan ba tsibiri ɗaya ba ne. Barkatai suke, shimfiɗe kamar faifai, dutsen murjani da farin yashi, yawancinsu ba mutum ba ruwan sha. Babban ne ke da gari, da gada zuwa na kusa da shi. Kawu ya ja mu ganin ganuwar Turkawa, Kaka ta ce ɗakin girkinmu ya fi ta fasali. Ya kai mu tsohon gidan wani attajirin lu'ulu'u mai zane a bango har sama. Abin da ta tambayi mai gadi kawai shi ne ko mai gidan yana da jirgi. Ya ce ai a zamanin nan kowa na da jirgi. Ta bi shi da harara har bakin ƙofa.

Washegari muka ɗauki ƙaramin kwalekwale mai inji. Tun ba mu bar gaɓa ba ta zazzage wa matuƙin labarin da Larabcinta mai ƙamshin Sakkwato. Ya yi dariya har ya saki abin tuƙi. Ya ce labarin alhazai masu harami a tsibiri kowa ya san shi a nan, kuma kowane gida cewa suke kakansu ne ya cece su.

"To wanda ya zubar da mu fa, kakan wa ne?" in ji Kaka.

"Wannan baƙo ne, Hajja. Bai bar baya ba."

Tsibirin farko da muka wuce ta ce wallahi shi ne. Na biyu ma shi ne. Muka ratsa ta cikin wasu itatuwa da ke tsaye a ruwan gishiri, ta ce waɗannan ko hankali ba su da shi. Da matuƙin ya gaji, sai ya tsaya a wani da ba kowa sai tsuntsaye da kashinsu.

Ta dafa kafaɗata muka hau ɗan tudun da ke tsakiya. Bayansa ruwa ne, shuɗi, iyakar gani. Ta tsura wa ruwan ido, har na fara tsoron kuka za ta yi. Sai na ji jikinta na rawa. Dariya take, har ta zauna daɓas a yashi.

"Kakanki," ta ce tana share hawaye, "haraminsa na zamewa, ya dube mu ya ce, ku yi haƙuri jama'a, ƙila bayan wannan ɗan rafin ne."

Ban taɓa jin wannan ɓangaren ba, kuma ban taɓa jin ta ambace shi da irin wannan muryar ba. Ta sa na ɗauko mata shayi daga kwalekwale, ta sha a nan zaune, ta hana kawu ɗaukar hoto.

Da muka koma Makka maƙwabta suka cika falo. Ta shaida musu ta gano wurin da idonta, kuma tudun dutse ne ƙato, hawansa sai mai ƙarfin zuciya. Ni dai abin da na gani bai kai tsayin firij ba, amma ba wanda ya tambaye ni.