Katunan Gidan Surukina

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi fita raina ita ce Asabar ɗin da aka tura ni shugabantar rumfar zaɓe a ƙauyen su matata. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwiwa, kuma idan zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, mu malamai ake ɗauka aikin wucin gadi. Da na ga inda aka sa ni, na je na roƙi mai kula da rumfunan mazaɓarmu ya sauya mini. Ya yi dariya ya ce, "Malam, sunaye sun riga sun fita. Ai gida za ka, har fura za a kawo maka."

Ga wanda bai taɓa yi ba, aikin a takarda ba wuya. Mutum ya zo da katinsa, a duba sunansa a rajista, a ba shi takardar ƙuri'a, ya koma gefe shi kaɗai ya dangwala, ya jefa a akwati. Ni ke sa hannu a bayan kowace takarda. Mataimakiyata, Malama Rifkatu, ita ke riƙe da rajista.

Da hantsi sai ga surukina, Alhaji Sale, layi ya dare masa. Ya zaro katuna tara ɗaure da roba ya ajiye a tebur, duk na matan gidansa. Haka aka saba a garin: maigida ya tattara katunan mata ya dangwala musu, a ganinsa ya hutar da su rana da cuɗanya da maza. Wakilan jam'iyyu ba wanda ya ce uffan, don kowa da nasa ƙunshin a aljihu.

Wannan mutum shi ya ba ni 'yarsa. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce masa a'a. Na tuɓe takalmi, na zagayo na durƙusa, na ce, "Baba, a gafarce ni. Takardar ƙuri'arka zan ba ka yanzu. Sauran kuwa sai masu su sun zo."

Ya ce, "Ni ne ba ka yarda da ni ba?"

Na ce, "Na yarda da kai, Baba. Amma hannun da zan sa shaida ce cewa na ga mai katin da idona."

Ya kwashe katunansa ya juya, ko tasa ƙuri'ar bai jefa ba. Na koma kujera ina tunanin da wace fuska zan shiga gida.

Ashe labari ya kai cikin gida, surukata Inna ta ce a ba ta katinta. Bayan azahar sai ga ta da sauran matan a bayanta. Ba ta dube ni ba, ni ma kaina a ƙasa, kamar yadda ya kamata. Ta karɓi takardar ta jujjuya ta, ta ce wa Malama Rifkatu, da muryar da zan ji, "'Yar nan, ashe haka take? Tun da ake zaɓe da sunana, yau na fara ganinta." Ta daɗe a gefe tana duba alamomin ɗaya bayan ɗaya har layi ya fara guna-guni. Ban bari an gaggauta ta ba.

Wata uku surukina bai amsa gaisuwata da abin da ya wuce "lafiya" ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ranar da ya sauko, tambaya ɗaya ya yi mini game da Inna: "Wa ta zaɓa?" Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce, "Ni ma ta ƙi gaya mini."

Ku da za ku riƙe wannan aiki bayanmu, a horo za a yi ta gargaɗinku da 'yan daba. Ni ban taɓa ganinsu a rumfata ba. Wanda ya gwada ni dattijo ne mai mutunci, da kyakkyawar niyya, wanda nake jin kunyarsa fiye da kowa. Har Inna ta koma ga Allah, babu wanda ya san inda ta dangwala.