Gwaggo da Turancin Shara

Gwaggo, yayar mahaifina, ba ta taɓa shiga gidan mutum ta fito hannunta a bushe ba. In ta je barka, a bakin famfo za ka same ta. In ta je ta'aziyya, kafin a gama karɓar gaisuwa ta wanke tukwanen gidan ta kife. Akwai ranar da muka kai ta asibiti a duba hawan jininta, likita ya ɗan fita, ya dawo ya tarar ta goge masa tebur ta jera masa takardu. Har muka tafi bai ga takardar da yake nema ba.

Mijinta tela ne. Ya rasu ya bar mata keken ɗinki da yaro ɗaya. Keken ta sayar, don ba ta iya ɗinki ba, ta kama abin da ta iya: wankau da guga, sharar ofisoshi, wanke-wanke a gidajen da suka fi ƙarfin wanke kwanonsu. Da haka yaron ya yi karatu har ya zama injiniya, daga nan kuma kowa ya daina kiran sunansa, har ita. Aiki ya kai shi wani birni mai nisa, ya auri wata ma'aikaciyar jinya da ba ta jin Hausa. Turanci suke yi a gidansu.

Wata ranar Asabar sai ga Gwaggo a ƙofata, fuska a ɗaure. Ni malamar firamare ce, kuma a danginmu wannan ya isa a kawo mini duk matsalar da ke da rubutu a jiki.

"Injiniya ya kira," in ji ta. "Wai in saki ɗakin haya in koma wurinsu, in huta."

"Ai alheri ne, Gwaggo."

"Ni me na yi masa?"

Na ɗauka wasa take yi, sai na ga idonta. Ta ce ta yi aiki a gidajen mutane ta gani: tsohuwar da ba a barinta ta taɓa komai, baƙuwa ce ko ta shekara goma, kowa na yi mata sannu yana duban agogo. In kuma ta saki ɗakinta ba ta da inda za ta dawo. Saboda haka tana so in koya mata Turanci, amma na aiki kawai, yadda za ta tambayi surukarta inda tsintsiya take, in an sa ta abu kuma ta gane.

Na ɗauko littafin 'yan aji ɗaya mai hotuna. A shafin farko akwai mace tana shara. Gwaggo ta daɗe tana kallonta.

"Wannan ba ta iya riƙe tsintsiya ba," ta ce, ta ture littafin. "Ba zan koyi komai a wurinta ba."

Tsarin da ta kawo shi ne, kalma ba ta zama a kanta sai hannu yana aikin. Muka gwada a ɗakinta, ba mu sami abin sharewa ba. Sai ta ba da shawarar a mayar da makarantar gidana, inda ta ce misalai ba za su ƙare ba. Na haɗiye wannan, saboda yayar uba ce.

Haka muka fara. Ni ce malama, don haka ni zan fara nunawa. In duƙa da tsintsiya in ce "sweep", ita kuma tana tsaye a kaina ta ce "suwif, ga can ƙarƙashin gado kin bari." In matse tsumma in ce "mop". In tsoma hannu a kumfa in ce "wash". In ta ce kalma ba ta shiga ba, sai na maimaita aikin, kuma na lura kalmar wanke banɗaki ta fi kowace wuyar shiga. Maigidana, wanda bai taɓa damuwa da ilimin manya ba, ya fara tambaya ko ba za a ƙara ranakun darasi ba.

Wasu kalmomin ba su ba ta wahala ba. Da ta ji yadda suke kiran bokiti da tawul da buroshi da datti, sai ta gyaɗa kai.

"Ashe rabin abin namu ne suka ɗauka suka lanƙwasa."

Ban yi mata gardama ba, bayana na ciwo.

Na so in haɗa mata da gaisuwa da godiya da ɗan abin hira. Ta kafe. Ta ce gaisuwa da fuska ma ana yinta, kanta kuma ba rumbu ba ne, kada in cika mata shi da tarkace. Ranar da za ta tafi ta san sunan duk wani abu da ake gogewa, da wanda ake jiƙawa, da wanda ake shanyawa. Ta raba kayan ɗakinta, ta miƙa wa mai gida makulli, ta hau mota tana bita a hankali kamar mai shiga jarrabawa.

Ba a yi sati biyu ba Injiniya ya kira ni.

"Ke, me kika koya wa Inna?"

Ga abin da ya faru. Matarsa ta ɗauki hutu daga aiki musamman, ta wanke gidan tun daga labule har bayan firji, don uwar miji za ta zo. Washegarin isowarta, Gwaggo ta kamo hannun surukar tana murmushi, ta shiga zagayawa da ita ɗaki-ɗaki don ta nuna mata karatunta, ta kuma nemi aiki. Ta shafa yatsa a saman ƙofa, ta nuna mata, ta ce "dirty". Ta ɗaga labule ta ce "wash". Ta leƙa bayan murhu ta ce "dirty, dirty". Babu kalmar da ta kuskure. Matar ta shige ɗaki ta rufe ƙofa tana kuka, Gwaggo kuma ta ɗauka izini ne, ta nemo bokiti.

Daga ranar aka shiga tsere. Surukar ta riƙa sammako ta goge falo kafin Gwaggo ta fito, Gwaggo ta ga an riga ta, ta ƙara sammako. Daɓen gidan bai sake bushewa ba, har Injiniya ya zame a hanyar banɗaki ya bugu a ƙugu. A nan ya kafa doka: Inna ba za ta sake taɓa komai ba.

Na yi masa faɗa son raina. Na ce ya ɗauko mace da ta yi shekara arba'in tana motsi ya ajiye ta kamar kwalliyar falo. Ya ce, "Tun ina yaro a duƙe nake ganinta. Ban san tsayinta ba sai da na girma. A gidana ba za ta duƙa ba." Na ga yana da gaskiyarsa, kuma haushin hakan ya fi na farko.

Na kira matar ma, na yi mata bayani. Mutuniyar kirki ce. Ta gane, ta yi dariya, ta sake yin kuka, sannan ta ce duk da haka ba za ta iya zama tana kallon uwar mijinta da tsumma a hannu ba. Kowa dai yana son Gwaggo, shi ya sa aka zaunar da ita.

Bayan wasu watanni wani taron malamai ya kai ni birnin, na sauka a wurinsu. Gini ne dogo, hawa kan hawa, kowane iyali da sashensa. Na tarar da Gwaggo a kan kujera mai laushi, ta yi ƙiba, an sa mata talabijin, ga shayi a gefe. Hannayenta na kan cinya, ɗaya kan ɗaya, kamar mai jiran a kira lambarta a asibiti. Da na riƙe su sai na ji sun yi laushi, raina ya ɓaci.

"Suna riƙe ni da kyau," in ji ta. "Ko kofin da na sha ruwa ba na ɗagawa. Akwai injin wanki, akwai na wanke kwano. Akwai wani ma da ke zagaya falo shi kaɗai yana shara." Ta kalli abin a jikin bango. "Ba ya shiga kusurwa."

Da safe masu gidan suka fita aiki. Na ɗauki jakata, Gwaggo ta ce za ta taka mini. Na nufi lif, ta ce a'a, ta matakala za mu bi. A hawa na ƙasa da nasu ta tsaya, ta buɗe wata 'yar ƙofa inda mitocin ruwa suke, ta zaro tsintsiya da tsumma da ƙaramin bokiti da wani tsohon zani, ta ɗaura zanin a kan sabbin kayan da Injiniya ya ɗinka mata. Sai a lokacin na lura da matakalar. Fes take, har ƙarfen riƙewa yana ƙyalli.

"Nan ba gidansa ba ne," ta ce. "Na tambaya. Na kowa ne."

Kafin in yi magana wata ƙofa ta buɗe, wata mata ta leƙo da waya a kunne. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa Gwaggo da Turanci, da sauri, yaronta ya zubar da madara a bakin ƙofa, ta goge, ta sauka da jakar shara, kuma jiya ta bar ƙasan jiƙe. Jinina ya hau. Na buɗe baki zan gaya mata uwar wa take aika, Gwaggo ta mintsine ni a hannu.

"Yes, madam," ta ce. Wannan ba ni na koya mata ba.

Ƙofar ta rufe. Gwaggo ta juyo, fuskarta a sake, yadda ban gan ta ba tun isowata.

"Kin ji? Ban ce ki fassara ba. Madara, ƙofa, gogewa, shara. Duka na gane."

"Gwaggo, mai shara fa suka ɗauke ki."

"To da mece ce?"

Na gyara riƙon jakata. Ita kuwa ta riga ta jiƙa tsumma tana matsewa.

"In Injiniya ya ji, daga bakinki ne, kuma ban yafe ba," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ki bi ta gefen bango, nan na goge."