Ranar da Inna ta raka Goggo Dudu bakin gari

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata Hajara, wadda mutanen Bakura suka fi sani da Inna Hajo mai fura. Ba ta riƙe sarauta ba, ba ta shiga boko ba, ko karatun allo ba ta yi nisa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kanta bana shi ne, a Talata Mafara inda nake aure kuma nake koyarwa, duk inda na zauna maganar ɗaya ce: wa aka ɗauke, wane ƙauye aka tasa, a kan wa za a huce. Sai in riƙa tambayar kaina, da Inna na raye, me za ta ce?

Kada mai karatu ya zaci wata mace ce mai sanyin hali. Inna na da faɗa. Idan ta daka gero aka taɓa mata turmi, maƙwabta sai sun ji. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, da sana'ar fura ta riƙe mu uku: Yaya Sanusi, ni, sai autanmu Bashiru. Nonon da take dama furar kuwa, tun kafin a haife ni wurin mace ɗaya take karɓarsa, wata Bafulatana mai suna Dudu, da ke zuwa daga wata ruga a yamma da gari. Goggo Dudu muke ce mata. Kullum sai sun yi gardama a kan tsamin nono, kullum kuma sai sun ci tuwo a kwano ɗaya kafin ta koma. Lokacin bikina, ita ta kawo man shanun da aka yi girki da shi.

Daga baya zamani ya juya. Aka fara da satar shanu, har na mijin Goggo Dudu aka kora a cikin na farko-farko. Aka koma tare hanya, aka koma shiga ƙauyuka. Tsoro ya shiga zukata, ya zama duk wanda aka gani da sanda da rawani abin zargi ne. Samarin gari suka ce kada Bafulatani ya ƙara taka kasuwa. Goggo Dudu ta daina zuwa. Inna ta koma dama fura da madarar gari, tana yi tana tsaki.

Bashiru kabu-kabu yake yi. Wata ranar kasuwa ya ɗauki fasinja daga Maradun zuwa Kaya, masu bindiga suka tare su a hanya. Babur suke so, suka ɗauka, amma ba su bar shi da ransa ba. Da aka shigo da gawarsa, Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗaga mayafin da aka rufe shi da shi, ta dubi fuskarsa, ta ɗaga hannu sama ta ce, “Allah ya isa tsakanina da wanda yay yi wanga aiki.” Har ta koma ga Mahaliccinta ban ji ta janye wannan maganar ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, gida cike da mata, maza kuma na zaune a ƙofar gida, sai muka ji hayaniya a zaure. Kafin mu tashi, sai ga Goggo Dudu ta shigo tsakar gida da ƙwaryar nono a kanta, ƙafafunta duk ƙura. Bayanta samari ne, wasu da sanduna, Yaya Sanusi na gaba idanunsa jajur. Ta sauke ƙwaryar a gaban Inna, ta durƙusa.

“Hajo, na ji abin da ya samu yaronmu,” ta ce. “An ce kar in zo. Na ce in ban zo ba, da wane ido zan ƙara dubin ki?”

Yaya Sanusi ya ce, “Inna, ki ba mu ita. Danginta sunka kashe mana Bashiru, yanzu an aiko ta ta ga abin da muke ciki.”

Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Kai wanga” take ce masa, ko ta aike ni in kira shi. Ranar nan ta miƙe daga tabarma ta ce, “Sanusi!” Ta dube shi ta ci gaba.

“Ka gan ta a hanyar Kaya? Wani cikinku ya gan ta? Wagga matar ita tag goya Bashiru lokacin da nike kwance ba ni iya ɗaga kai. Wanda yak kashe mani ɗa ban yahe mashi ba, na bar shi da Allah. Amma wagga baƙuwata ce, gaisuwa ta zo yi mani. Mai son taɓa ta shi fara da ni.”

Ta kama hannun Goggo Dudu ta zaunar da ita a kan tabarmar da take karɓar gaisuwa, ta ce in kawo mata ruwa. Samarin suka ja baya zuwa zaure, amma ba su watse ba. Kowa ya san jira suke ta fito.

Inna ma ta sani. Da Goggo Dudu ta huta, sai ta yafa mayafinta ta ce za ta raka ta. Ƙannenta mata suka riƙe ta, suka ce mai zaman makoki ba ta fita. Ta fizge hannunta. Na bi bayansu.

Ba ta bi lungu ba. Ta babban titi ta bi, ta gaban tasha, ta gefen kasuwa, hannunta cikin hannun Goggo Dudu. Duk dattijon da muka iske, sai ta tsaya ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, ta yi masa godiyar zuwa jana'iza. Dole mutum ya amsa. Wanda kuwa ya gama amsa gaisuwar uwar mamaci, nauyi ba zai bar shi ya ɗaga sanda a gabanta ba. Wani ya yi ihu daga nesa ya ce munafuka. Ko waiwayawa ba ta yi ba.

Da muka kai inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, sai ta saki hannun. Ta ce, “Dudu, kada ki ƙara zowa. Yau na iya, gobe ban sani ba.” Suka rungume juna. Goggo Dudu ta shiga cikin gero, muna kallonta har ta ɓace. A nan bakin gona Inna ta zauna a ƙasa, ta yi kukan Bashiru da ta riƙe tun ranar farko. Ba su sake ganin juna ba. Kafin a cire amfanin gona mutanen rugar suka tashi, har yau ban san inda suka nufa ba.

Abin bai tafi mata a banza ba. Masu sayen fura suka ragu. Aka riƙa raɗa cewa Inna Hajo infoma ce ta masu bindiga, ita da aka kashe wa ɗa. Yaya Sanusi ya shiga 'yan sa-kai, ya daina cin abincin gidanta, in sun haɗu gaisuwa kawai. Wannan ya fi komai cin ranta, ko da yake ba ta faɗa. Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama. Tana mulmula dawo ta ce, “Rabi, masu bindiga sun ɗauke mani ɗa guda. Da na bari an zub da jinin Dudu a zaurena da hannun yayanku, da na rasa na biyu, ko da kuwa yana yawo da ƙafafunshi.”

Ciwon ƙirji ne ya yi ajalinta. Yaya Sanusi ne ya yi jinyarta, shi ya ɗauke ta a bayansa zuwa mota. Ba su taɓa tayar da maganar ranar nan ba.

To, me za ta ce a yau? Ba na jin za ta ce mutane su naɗe hannu a yanka su. Ta san masu kisa na nan, ta ga aikinsu a fuskar autanta. Amma kwanaki a wani gidan suna a nan Mafara, na ji wata mata na cewa da za a ƙarar da Fulani duka da an huta. Kusa da ita akwai wata tsohuwa Bafulatana da aka tasa daga wajen Ruwan Gizo, wadda su waɗannan masu bindiga suka raba da shanunta da jikanta. Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ba wanda ya tanka. Inna ba za ta yi shiru a nan ba. Da ta tambayi matar sunan wanda ya cuce ta, ta ce ta kama wannan sunan ta riƙe, ta saki sauran bayin Allah.

A Sallar da ta wuce na je Bakura. Yaya Sanusi ya yi furfura, har yanzu yana cikin masu gadin gari. Muna zaune a tsakar gidan Inna bayan la'asar, sai ya ce, “Rabi, har yau ban ce abin da Inna ta yi daidai ne ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Amma duk sa'ad da yara sunka kamo mutum sunka ce ga shi, sai in ji ta kira sunana. Sai in ce ku dakata, a tambaya tukuna, mi yay yi? Wasu an iske da laihi, an miƙa su ga hukuma. Wasu kuma kiwonsu kawai sunka hito.” Ya ce samarin har suna yi masa ba'a, wai zuciyarsa ta mutu.

Inna ba ta kawo ƙarshen rikicin ƙasarmu ba, ko unguwarmu ba ta iya gyarawa ba. Gidanta ma ya fara zubewa ta gabas. Amma akwai mutane a dajin nan da suka koma wurin iyalansu da rai, ba su taɓa jin sunanta ba, ba su kuma san albarkacin wa suka ci ba. Allah ya jiƙan ta da Bashiru. Goggo Dudu kuma, in tana raye wani ya karanta mata wannan, ya gaya mata Hajo ta rasu ba ta canza magana ba.