Ranar da Aka Sauko wa Kunnen Dulcie

Dulcie Mattiske matar yayana ce, kuma duk garinmu Tanunda babu wanda bai san labarin kunnenta ba. Motar 'yan makaranta take tuƙawa, amma ba wannan ya sa ta yi suna ba. Mace ce da ko ƙofa ta yi ƙara sai ta gaya maka sunan sautin. Ta taɓa sa Kelvin, mijin nata, ya mayar da sabon firji kanti, wai kukansa tsakanin sauti biyu yake, ya hana ta sakat. Bawan Allah ya ɗora a akori-kura ya mayar yana ƙunƙuni.

Tun muna 'yan mata muke kaɗa goge a ƙungiyar makaɗan garinmu, ni da ita muna karanta takardar kiɗa ɗaya. Mu ba ƙwararru ba ne. Manoman inabi ne, da malaman makaranta, da mai kantin magani, duk Talata da yamma a zauren coci. Kafin a fara, kowa sai ya saita kayan kiɗansa a kan sauti guda da ake kira A. A wasu wuraren mai algaita ke busa shi. Mu kuwa Dulcie ce ke rera mana shi da baki, daga kanta kawai, in an gwada da ƙarfen saiti a tarar daidai wa daida. Ta kuwa san da haka. Ji da kai? Kada ka so ka gani! Ni da ke gefenta na sha zunguri da gwiwar hannu har na gode Allah.

"Noelene, kin yi ƙasa."

"Haba Dulcie, ko tsirkiyar ban taɓa ba tukuna!"

"To za ki yi."

Bayan ta haura sittin abin ya same ta. Wata Talata ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta ce duk mun yi sama. Aka buga ƙarfen saiti, ta ce shi ma ya yi sama. Muka kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ran Lahadi piyanon coci ya yi sama, rediyon mota ya yi sama, duniya gaba ɗaya ta yi sama. Likita a birnin Adelaide ya ce masu irin kunnenta, in shekaru suka ja, wasunsu kan riƙa jin kowane sauti sama da inda yake. Nata ya goce da rabin mataki, kuma babu magani.

Ka ji masifa. Ido ya karanta A, yatsa ya danna A, kunne ya ce ƙarya ne. Sai yatsan ya zame ƙasa don ya gyara, sai ga Dulcie da ke yi wa kowa faɗa ita ce ke ɓata mana kiɗa. Babu mai ƙarfin halin gaya mata, amma a fuskokinmu ta gani. Rannan ana tsakiyar kiɗa ta rufe akwatin gogenta ta fice. Na tausaya mata ƙwarai, na kuma yi kewar gwiwar hannun nan, abin da ban taɓa zato ba.

Shekaru suka shuɗe. A bara, lokacin tsinkar inabi, ta gaya mini ta gama shawara: ran Asabar Kelvin zai kai gogenta Adelaide a ba wata makaranta. Gogen da kakannin kakanninta suka taho da shi daga Jamus! Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza.

"Me zan yi da shi? In rataya albasa?" in ji ta.

A lokacin mun yi sabuwar jagora, Imogen Tranter, ta zo mana da sabon salo. Wai kiɗan da muke shiryawa na bikin inabi an rubuta shi shekara ɗari uku da suka wuce, don haka yadda mutanen da suka kaɗa shi za mu kaɗa. Su a wurare da yawa ba sa ɗaure tsirkiya tamau kamar mu, A ɗinsu ƙasa yake da namu. Tsirkiyar ma ta hanjin tunkiya ce. Sannan wani kiɗa da muke ja a hankali kamar masu rakiyar gawa, ta ce ai rawa ce, a ba shi wuta. Zaure ya ɗauki mita, ni ce kuma kan gaba. Des, mai algaitarmu, sai da ya ari irin ta da, ya yi makonni yana kuka da ita kamar agwagwa.

Talatar da ta rage kafin Asabar ɗin, Dulcie ta gasa mana kek na hutun shayi kamar yadda ta saba. Kullum Kelvin take ba ya kawo, don kada ta ji mu. Ranar yana gonar inabi, dole ta kawo da kanta. Ta bi ta ƙofar baya ta shiga kicin da niyyar ta yanka ta gudu.

Des ya busa A, muka saita, muka fara. Ba mu yi nisa ba sai ƙofar kicin ta bugu da bango. Ga Dulcie tsaye, wuƙa a hannu.

"Wa ya gyara ku?"

Imogen ba ta san ta ba, ta ja da baya. "Baiwar Allah, lafiya?"

"Des, sake busa shi! Sake mana!"

Ya busa. Ta rufe ido. "Shi ne. Wannan shi ne A. Ina ya shige duk shekarun nan?"

"Dulcie, yi haƙuri," in ji Des, "wannan ai ƙasa yake da rabin mataki."

Rabin mataki! Ban san lokacin da na miƙe ba, takardu suka watse a ƙasa. "Kunnenta ya hau rabi, mu mun sauko rabi! Mun haɗu! Jama'a, mun haɗu da ita!" Sai wuri ya kaure da ihu, masu busa na busa, mai ganga na duka, wani na ƙoƙarin yi wa Imogen bayani ba ta ko jin sa. Dulcie ta danƙa mini wuƙar ta fizge gogena.

Imogen ta ɗaga hannu, kiɗa ya tashi a guje. Dulcie ta bi layi biyu ta tsaya tana haki.

"Ke yarinya, gobara ake? Wa ya biyo ku?"

"Rawa ce, Dulcie."

"A zauren coci?"

"Kakanninki ma sun taka ta."

Ta harare ta, ta gyara gogen a haɓa, aka sake. Yatsun sun yi tsami, amma kowanne inda ya dace yake faɗawa, cas. Can sai na ga ƙafarta na buga ƙasa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da wuƙar kek, ina dariya ina hawaye kamar wadda ta zare.

Ran Asabar Kelvin ya je Adelaide ɗin, amma tsirkiyar hanjin tunkiya ya je saye.

Ranar biki zaure ya cika maƙil. Tsofaffin da suka saba gyangyaɗi a kiɗan nan su ne ke buga ƙafa, da aka gama kuwa tafi ya ƙi ƙarewa. Bayan an watse muna wanke kofuna, ni da Dulcie da Imogen, sai Dulcie ta dakata da wankin.

"Likitan ya ce kunnen na iya ci gaba da hawa," in ji ta. "Wannan A ɗin aro ne. Wata rana shi ma zai gudu."

Imogen ta ci gaba da goge kofin da ke hannunta.

"Mutanen Faransa na wancan zamani sun fi haka saukowa," ta ce. "Mataki guda cur. Kiɗansu kuwa ga shi nan da yawa, sai mun gaji."

Dulcie ta ajiye soso ta juyo. "Mataki guda? Da gaske kike?"

"Da gaske."

"To me kike jira? Fara koya wa kuramen nan tun yanzu, kada in isa can in tarar ba su ƙaraso ba."