Kwanson Harsashin Seu Anildo

Kowace Asabar, tun rana ba ta yi zafi ba, Seu Anildo (a nan Seu ake kiran dattijo, Dona kuma dattijuwa) ne ke buɗe ƙofar kulob ɗinmu na harbin saiti da ke bayan gonakin waken suya. Ya share rumfa, ya manna takardun saiti a jikin katako, ya ɗora ruwan shayin ganyen da muke kira mate, sannan ya zauna da ƙoƙonsa yana jiranmu. Shi kaɗai ne malamin harbi mai lasisi a garin nan, kuma izinin kulob ɗin a kan lasisinsa ya rataya. Makon jiya ya ajiye aiki, ba kuma wanda zai gaje shi. Ni dai tun ranar raina a jagule yake.

Da doka ta sauya, aka hana farar hula manyan bindigogin hannu, sai kowa ya rikice. Wace ce aka yarda da ita, wace ce za ta kai mutum gidan yari? Wajensa muka yi ta tururuwa. Ba ya dogon bayani. Sai ya jera bindigogin hannu libarba uku ko huɗu waɗanda doka ta amince da su, ya buɗe kowace ya nuna maka babu harsashi, ya ɗora kwanson harsashi a tsaye a kan hancin bindigar, ya ce ka ja kunama. Wadda kwanson ya zauna a kanta bai faɗi ba, ita ce taka.

Ni da nake fama da ciwon wuyan hannu, ƙarama ce ta karɓe ni. Na ɓata rai.

"Haba Seu Anildo, wannan ai ta wasan yara ce!"

"Dona Zulmira, takarda za ki huda ko bijimi za ki kayar? Hannunki ne ya zaɓa, ba ni ba. Yi faɗa da shi."

Da ita na ci gasar yankinmu, ni da jikoki har biyar.

Amma ba kowa ya ji daɗi ba. A gabanmu Gilmar mai tirela ya zo yana cika baki wai ya san wani a tsallaken kogi da zai samo masa babbar bindiga ta ɓarauniyar hanya, a bar shi kawai ya riƙa gwaji a nan in kowa ya watse.

"Ɗan nan," in ji Seu Anildo, "ni na koya wa ubanka riƙe bindiga. Ka kawo ta nan, ni da kaina zan kai ƙararka. Zauna ka sha mate."

Gilmar bai zauna ba. Ya tafi, rabin kulob suka bi shi. Yanzu Asabar da Lahadi muna jin ƙararsu daga gonaki, sun sha giya suna fasa kwalabe, yara na gilmawa. Mu da muka rage, duk masu furfura ne.

Seu Anildo, kai ne ka zaɓi rumfar da ba kowa a kan ka kau da kai sau ɗaya. Kai ne ba a taɓa zubar da jinin ko kaza a filinka ba. Mai kiyaye doka, garin nan bai san abin da ya samu ba.

Mun daɗe muna ganin shayi na zuba daga ƙoƙonsa saboda rawar hannu, muna yi kamar ba mu gani ba. Lasisinsa da sauran lokaci, ba wanda ya tilasta masa komai. Ranar Asabar ɗin da ya ajiye aiki, bayan an ci gasasshen nama, sai ya ɗauko tasa libarbar, ya nuna mana babu harsashi, ya ɗora kwanso. Bai ma taɓa kunama ba ya faɗi. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗuwa.

"Iska ce," na ce, alhali ko ganye ba ya motsi.

"Dona Zulmira, ba ki iya ƙarya ba. Kullum nakan ce muku hannu ne ke zaɓa. To, nawa ya zaɓa."

Ya mayar da ita cikin akwati, ya kulle, ya miƙa wa shugaban kulob makullin ƙofa. Wallahi na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Mun gode, Seu Anildo. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ku kuma samarin garin nan, ko mutum ɗaya ya daure ya je ya yi karatun nan ya karɓi lasisi, tun dattijon na da bakin koyarwa. Na san da wuya a samu, amma dole in roƙa.

Kwanson yana cikin jakata, na tsince shi a ƙasa ranar. Jiya Asabar na kai shi har ƙofar kulob, na tarar da kwaɗo a rufe. Daga can cikin gonaki kuwa har an fara harbi.